Wayar Da Aka Hana Shiga Gida

A gidan Malam Ɗahiru na Gagarawa, doka ba ta mutuwa tare da wanda ya kafa ta. Mahaifinsa ne ya hana kowane ɗa na gidan riƙe sitiyarin mota, tun ranar da aka kawo gawar Ɗantsoho, ƙanen Malam Ɗahiru, daga hanyar Maigatari. Shekara talatin ke nan, dokar tana nan daram. Shi kuma Malam Ɗahiru ya ɗora tasa a kai shekara uku da suka wuce: babbar waya, irin wadda ake shafawa da yatsa, ba za ta ƙara kwana a gidansa ba.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne a garin. Wata ranar Alhamis, Nura, ɗansa na fari, ya taso daga kasuwar Maigatari a motar amininsa Zayyad. Kafin su kai Gumel motar ta ƙwace, ta wuntsila sau biyu, ta watso su waje. Nura bai kai asibiti ba. Zayyad kuwa an tsince shi a bakin wata gonar riɗi da karyayyiyar ƙafa, wayar Nura a damƙe a hannunsa. Jama'a suka haɗa labarin da kansu, cewa direba yana tuƙi yana latsa waya. Da aka tambayi Zayyad bai musa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ne."

To, wannan Zayyad ɗin shi ne wanda Lauratu, ƙanwar marigayin, take so, kuma tun kafin hatsarin Nura da kansa ne ɗan aiken da ke tsakaninsu.

Malam Ɗahiru bai kai ƙara ko'ina ba, ya ce ya bar wa Allah. Amma a daren jiya, bayan sallar magariba, ya kira Lauratu zaure ya yi mata magana irin wadda ba ya maimaitawa.

"Ranar Juma'a mutanen Alhaji Sabi'u za su zo daga Maigatari neman izini," in ji shi. "Ba zan yi miki dole ba, don ba a taɓa yi wa 'yar gidan nan dole ba. Goggonki ga ta nan, ita ta zaɓi nata. In ba ki son Sabi'u, ki kawo wani. Amma wanda ya ɗauki yayanki da rai ya dawo mini da shi a tabarma, ba zan zauna gaban liman in ce na ba shi ke ba."

"Baba, ƙaddara ce."

"Na san ƙaddara. Na kuma san sakaci. Yaron nan tunda aka haife shi bai taɓa saɓa mini ba, ko sau ɗaya. Na ce kada ya yi, ba ya yi. Wannan kaɗai nake riƙe da shi har yau."

Yaron nan. Haka yake kiransa, a raye da a mace. Ɗan fari ne, kuma kunyar ɗan fari ba ta bar uba ya ambaci suna. Haka mahaifinsa ya yi wa nasa ɗan farin, haka kakansa ma ya yi. Shekara ashirin da bakwai Nura ya yi a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba.

Da Lauratu ta koma cikin gida tana share hawaye, Goggo, yayar Malam Ɗahiru, ta jawo ta ɗakinta. Ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta, ƙulli cikin ƙulli, har ta fito da wani ɗan baƙin abu wanda bai kai farcen yatsa ba.

"Ranar da ubanki ya ba ni fasasshiyar salular Nura ya ce in jefa a masai, wannan ya faɗo daga cikinta," in ji Goggo. "Na kasa jefawa. Ban san ko mene ne ba, amma kullum na kwanta sai in ji kamar ƙullin nan yana da nauyi."

Lauratu ta gane shi. Memori ne. Ta sa shi a 'yar ƙaramar wayarta mai madannai, wayar ta nuna akwai bidiyo guda ɗaya mai ɗauke da kwanan watan ranar hatsarin, amma ta ƙi buɗe shi. Aron wayar wani kuwa ba zai yiwu ba, don duk abin da ke ciki, kafin la'asar zai zaga Gagarawa.

Shi ya sa da hantsin ranar Talata ita da Goggo suka hau motar Gumel da sunan sayen zare da yadi, abin da ta tara na ɗinki yana cikin jakarta.

A tashar Gumel suka sauka, inda Zayyad yake rubuta sunayen fasinja tun da ya bar tuƙi. Ya hango su, ya taso yana ɗingishi, ya durƙusa ya gaida Goggo.

"Tashi, tashi, ƙafar nan ba ta durƙuso ba ce," in ji ta. "Bari in je in ga ko goron Gumel ya daina tsutsa."

Ta tafi ta bar su a inuwar darbejiya.

"Kin rame," in ji Zayyad.

"Kai ma ba ƙiba ka yi ba. Ranar Juma'a za su zo, Yaya Zayyad."

"Na ji. Labarin Alhaji Sabi'u ba ya tafiya a ƙasa."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

Ya sunkuyar da kai yana juya bironsa. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa. Da ya ga memorin, sai fuskarsa ta canza, kamar wanda aka kira sunansa a maƙabarta.

"A ina kika samo wannan?"

"Waya zan saya yau. In ga abin da ke ciki."

"Lauratu, don girman Allah kada ki buɗe."

Hawaye suka cika mata ido. "Shekara uku ina gaya wa kowa ba haka kake ba. Na yi faɗa da ƙawayena, na yi faɗa da 'yan uwana. Na tambaye ka sau nawa, ka ce mini ni ne, ni ne, kamar ba ka san wata kalma ba. Yanzu kuma ka ce kada in duba. Me kake tsoro in gani?"

"Abin da za ki gani ba zai dawo da shi ba."

"Ban ce zai dawo da shi ba. So nake in san wa zan aura, ko wa zan haƙura da shi. Kullum sai na yi mafarkinsa yana tsaye a bakin hanya yana mini magana, ba na jin abin da yake cewa. Na gaji."

"In kin buɗe, wani zai rasa abin da ya fi aure."

"Wa?"

Idonsa ya yi ja, ya juya yana kallon motocin Sule Tankarkar da ke lodi. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Na fi son ki auri Sabi'u kina ganin laifina, da ki buɗe wannan."

Ta rufe tafinta. "To ka ji da kyau. Da in zauna a ɗakin wani ina tambayar kaina har in mutu, gara in gani."

Ta wuce ta bar shi a tsaye.

Shagon Dalhatu mai waya yana kan layin da ya nufi kasuwa. Mutumin Damagaram ne asalinsa, mai fara'a da yawan zance, kuma ya baje musu wayoyi a kan gilashi kamar mai tallar zinari.

"Ƙanwata, wannan ce ta farko ko? Na gani daga yadda kike riƙe ta, kamar ƙwai. To bari in gaya miki abin da nake gaya wa kowa. Kada ki bi kyan baya. Ki tambayi batir, don a Gagarawa in wuta ta tafi sai ta manta hanya. Wannan tana kwana biyu ba caji. Wannan kyamararta ta fi, in kina ɗaukar ɗinkinki ki tura wa masu saye. Wannan kuma ta hannu ce, amma ba na ba ki shawara, ba ki san hannun wa ta fito ba."

"Duk baƙaƙen gilasai ne," in ji Goggo. "Yaya ake gane namiji da mace a cikinsu?"

Dalhatu yana dariya sai ga wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Alhaji Sabi'u ne, dillalin shanu da riɗi, wanda ginin shagon ma nasa ne. Ya shigo da ƙamshin turare, ya gaida Goggo da ladabi, sannan ya dubi Lauratu.

"Ashe waya ake so ba a faɗa mini ba? Dalhatu, kwashe waɗannan tarkacen. Ɗauko waccan ta cikin durowa, irin tawa."

Dalhatu ya fito da kwali a cikin leda, ya buɗe a hankali. Wayar siririya ce, launin ruwan zuma, da idon kyamara uku a bayanta.

"Ki ɗauka," in ji Alhaji Sabi'u. "Na san dokar Malam, kuma ina girmama ta. Ki bar ta a wurin Dalhatu in kin so, har ranar da za ki shiga gidan da babu wannan dokar."

Ba mugun mutum ba ne, kuma da gaske yake. Amma kowa a shagon ya san ma'anar abin. Kyautar mai neman aure in aka karɓe ta a gaban shaidu, amsa ce. Haka aka yi wa Ummukulsum 'yar Sarkin Noma da agogon hannu, aka wayi gari magana ta ƙulle ba ta ce komai ba.

Lauratu ta ɗauki wayar, ta juya ta, ta duba gefenta na dama da na hagu.

"Malam Dalhatu, ina wurin sa memori?"

"Ai wannan ba ta cin memori, ƙanwata. Wayoyin manya sun daina. Cikinta kaɗai ya ishe ki har jikoki."

"Babu ko kaɗan?"

"Babu."

Ta mayar da ita cikin kwalin, ta tura shi a hankali zuwa gaban Alhaji Sabi'u. "Na gode, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amma ba za ta yi mini ba."

"Saboda memori?" Ya yi murmushi, yana neman wanda zai taya shi. "Me za ki zuba a ciki wanda wannan ba za ta ɗauka ba?"

"Ba zubawa zan yi ba. Akwai abin da aka bar mini."

Murmushin ya dushe. Ya dube ta, ya dubi Goggo.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji Goggo. "Yarinyar nan tun tana goye in ta ƙi nono sai an bar ta. Ranar Juma'a ba ta yi nisa ba, maganar manya a zaure ake yin ta, ba a shagon Dalhatu ba."

Ya sa kwalin a hammata, ya yi sallama ba tare da ya ƙara kallon kowa ba.

Dalhatu ya sauke numfashi. "Kin jawo mini, gobe zai ce rufin shagon nan nasa ne. To, ga mai cin memori, ga batir mai ƙarko. Kyanta dai ba na gasa ba ne."

Baƙa ce, mai ɗan kauri, ba ta da wani ado. Ya nuna mata ɗan ramin da ke gefe da allurar da ake buɗe shi da ita, ya manna mata gilashin kariya, ya koya mata yadda ake kunnawa da yadda ake shafa. Ya miƙa hannu zai karɓi memorin ya sa mata, ta ce a'a, za ta sa da kanta. Ta biya da guminta. Suka sayi zare da yadi don kada a ce ƙarya suka yi, Goggo ta naɗe wayar a tsakiyar yadin.

Bayan la'asar suka isa gida. Malam Ɗahiru bai dawo daga masallaci ba. Suka shiga ɗakin Goggo, suka saki labule.

Sau biyu allurar tana faɗuwa daga hannun Lauratu. Da memorin ya shiga, ta nemo bidiyon, ta tsaya da yatsa a sama.

"In ya tabbata shi ne, Goggo?"

"In ya tabbata, ki yi kuka ki wanke fuska. Taɓa."

Ta taɓa.

Fuskar Nura ta cika gilashin, da hularsa a karkace kamar yadda ya saba, rana tana dukan kuncinsa. Goggo ta dafe ƙirji ta fara salati. Hoton ya ɗan ja baya, sai ga hannayensa biyu. A kan sitiyari suke.

"Riƙe da kyau mana, Zayyad, hannunka yana rawa kamar na Goggo," in ji Nura, yana dariya. "Lauratu, kalli yayanki. Wata uku ina koyo, ba wanda ya sani."

Daga bayan wayar wata murya ta amsa, muryar da Lauratu za ta gane ko a cikin kasuwa. "Nura, rage gudu. Mun yi da kai daga nan zuwa waccan kukar kawai. Ga kukar mun wuce. Tsaya in karɓa."

"Ji ango da tsoro. Kana gudun kada ka mutu ba ka auri ƙanwata ba."

"Na ce ka tsaya. In Baba ya ji na ba ka mota, da wane ido zan kalle shi?"

"Ba zai ji ba. Lauratu, kada ki nuna wa Baba, kin ji? Zan gaya masa da bakina bayan bikinku, lokacin yana cikin farin ciki. Zan ce masa, Baba, sau ɗaya dai a rayuwa..."

Ya juyo yana kallon wayar, bakinsa a buɗe da dariya. Muryar Zayyad ta kira sunansa da ƙarfi. Sama ta koma ƙasa, hoton ya yanke.

Lauratu ta kifa kai a cinyar Goggo tana kuka marar sauti. Yanzu ta gane wanda Zayyad ya ce zai rasa abin da ya fi aure. Shekara uku ya bar gari yana nuna shi da baki, ya bar sana'arsa, har ita ma ya yarda ya bari, don kada tsoho ya san cewa ɗan da bai taɓa saɓa masa ba ya mutu ne a kan saɓa masa.

"Ba zan nuna masa ba," in ji ta cikin kuka. "Goggo, ba zan iya ba. Shi ke nan abin da ya rage masa."

"To Zayyad fa?"

A lokacin ne Lauratu ta lura da ƙasan labulen. Takalman Malam Ɗahiru ne a wurin, da ƙafafunsa a ciki. Ba ta san tun yaushe suke tsaye ba.

Labulen ya ɗaga. Ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin yayarsa. Carbinsa yana lilo a hannu, leɓensa na ƙasa yana motsi.

"Wa ya shigo da ita gidan nan?"

"Ni ce, Ɗahiru," in ji Goggo. "In kora za ka yi, ka fara da ni."

Bai dube ta ba. Ya miƙa wa Lauratu hannu, ta ɗora masa wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu kamar allo. Babban yatsansa ya goga gilashin ba da niyya ba, sai fuskar ta dawo, da hular a karkace, tana jira.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a bakin gadon Goggo.

"Sau nawa Zayyad ya miƙo mini hannu a masallacin Juma'a," in ji shi, ba da kowa yake ba. "Ina kallon hannun, ina wucewa."

"Baba, ka yafe masa. Ka yafe musu su biyu."

"Ya ba shi mota, wannan laifi ne, kuma zai ji shi daga bakina. Amma ya ɗauki abin da ba nasa ba ya ɗora a ka shekara uku, don ni in yi barci." Ya ja numfashi. "Yaya, a aika Maigatari a ce su dakata da zuwan Juma'a. Ke kuma, wannan abar tana kira?"

"Tana kira, Baba, in an sa mata layi."

"Ki sa mata. Ki ce wa Zayyad ina nemansa gobe da hantsi, ya zo da wani babba daga gidansu. Akwai tambayar da zan yi masa, akwai kuma amsar da ya daɗe yana jira."

Lauratu ta durƙusa za ta yi godiya, ya ɗaga mata hannu.

"Kafin nan, nuna mini inda ake taɓawa ya sake magana."

Ta nuna masa. Goggo ta kama hannunta suka fita tsakar gida, suka saki labulen a bayansu.

Suna tsaye kusa da randa suka ji dariyar ta sake tashi daga ɗakin, da gardamar abokan nan biyu, har zuwa inda ta yanke. Ta sake tashi daga farko. Da ta kai wurin da ake cewa, "Baba, sau ɗaya dai a rayuwa," sai suka ji wata murya ta amsa, tsohuwa, a karye, tana gwada kalmar a hankali kamar baƙon yare.

"Nura."

Goggo ta matse hannun Lauratu har ya yi mata zafi.

"Na'am, Nura," in ji muryar. "Ina jin ka."